Yawo da jirgin ruwa mai ƙyalle a mashigan ruwan Legas: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan'uwanmu mazauna Legas, musamman masu harka a Apapa da Ikoyi da Obalende, waɗanda suka saba hango jiragen nan masu farin ƙyalle suna karakaina a bakin tashar jiragen ruwa ranar Asabar har sha'awa ta kama su. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda sai wanda ya yi niyyar shiga ruwan da gaske ne zai buƙace su.

Wane irin jirgi ake nufi, kuma yaya yake tafiya babu inji?

Jirgi ne mai doguwar sanda a tsaye, an ɗaura mata ƙyalle mai ƙarfi, iska ce ke tura shi. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe ko katako da ya nutse cikin ruwa, shi ke hana iska ture jirgin gefe. A wasu jiragen ana iya ɗaga shi sama, a wasu kuma a kafe yake, kuma wannan bambanci shi ne kusan komai a ruwan Legas, kamar yadda za a gani a amsar gadoji da zurfin ruwa.

Jirgin ƙyalle ba ya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar abin da zai iya shi ne ya karkata kamar digiri 45 daga inda take busowa, don haka in inda za ka nan ne iska ke fitowa, sai dai ka riƙa yanka hagu, ka yanka dama, kana matsawa sannu a hankali. Manyan jiragen da ake kwana a cikinsu suna da ɗan inji na ko-ta-kwana. Ƙananan, irin su Hobie 16 da Lightning da ake tsere da su a Legas, iska ce kawai abin dogaronsu.

Ina ake zuwa? Ba duk Legas ɗin cunkoso ba ne?

A kan tudu ne take cunkoso. Tsakanin birnin da teku akwai wani siririn tudun yashi da ya miƙe tun daga iyakar Benin har gabas da Lekki, kuma a bayansa ruwa ne kwance, mashigi na shiga cikin mashigi. Ta yamma akwai mashigin Badagry, wanda ya tashi daga Apapa, ya bi ta gefen tashar Tin Can da Snake Island, ya wuce Ibeshe da Ilashe, ya kai Badagry, bai tsaya ba sai Porto-Novo. Ta gabas akwai babban tafkin Legas, mai tsawon sama da kilomita 50, wanda kogin Ogun ke zuba a cikinsa, sannan ya haɗe da tafkin Lekki ta wajen Epe.

Da ka bar Tin Can a baya, ba a jima ba hayaniya ke ɗaukewa. Sai itatuwan bakin ruwa masu saiwoyi a waje, da kwakwa a jere, da ƙauyukan masunta Awori da Egun da Ilaje, da ƙugin teku da kake ji ta bayan yashi alhali ruwan da kake ciki lumui yake. A ganinmu wannan ɓangare na yamma shi ne ainihin wurin jirgin ƙyalle.

Me ya sa aka fi son yamma? Tafkin gabas ai ya fi faɗi.

Abu biyu ne: gadoji da rashin zurfi. Wanda ya taso daga bakin tasha zai shiga babban tafki, dole ya bi ta ƙarƙashin gadar Eko da ta Carter, ko kuma ya bi mashigin Five Cowrie ta ƙarƙashin gadar Falomo. Ba don masu doguwar sanda aka gina su ba. Ƙaramin jirgi ana iya kwantar da sandarsa a wuce a sake tayarwa, babba kuwa aiki ne na masu ƙarfi da kayan ɗagawa. Kada ka auna gada da ido daga cikin jirgi, ido na yaudara, kuma tazarar na raguwa in ruwa ya cika. Haka ma wayoyin lantarki da suka ƙetara ruwa, waɗanda sun fi gada haɗari tunda ba a ganinsu da wuri.

Shi kansa tafkin faɗi ne kawai. Akasarinsa bai kai mita 2 ba, in ban da hanyoyin da aka haƙa. Masu yashe yashi kuma sun ƙara dagula lissafi, domin za ka ga rami mai zurfi a nan, taku kaɗan gaba sai tudu, ga bututansu suna shawagi a saman ruwa. Tsohuwar taswira ba ta san da wannan ba. Wanda jirginsa ke ɗaga ƙarfen ƙasa zai ji daɗin tafkin har Epe, ya sayi kifi a kasuwar Oluwo. Saura su nufi Badagry.

Hutun yara daga Yuli zuwa farkon Satumba yake. Lokacin ya dace?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, domin masu tambaya sun ga Turawa na fita yawon ruwa a watannin nan. A ƙasashensu lokacin ne rana ke daɗewa kuma teku ke lafawa. A Legas tsakiyar damina ce. Watan Yuni ya fi kowane ruwan sama, Yuli na bin sa, kuma a watannin ne teku ke turo manyan igiyoyi daga kudu maso yamma. Rana kuma ba ta ƙara mana komai, kafin ko wajen ƙarfe 7 ta faɗi, rani da damina.

Amma ba a ce a zauna a gida ba. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta ruwa kan ɗauke na ɗan lokaci, gari ya yi lullumi da sanyi, iskar kudu maso yamma ta tsaya da ƙarfinta ba yankewa. Ga wanda ya iya, babu iskar da ta fi ta wannan lokaci a duk shekara, muddin cikin mashigi zai tsaya bai leƙa teku ba. Ga ɗan koyo da mai ƙananan yara kuwa, iskar ta yi yawa. A duba amsa ta gaba.

To wane lokaci ne ya fi sauƙi ga sabon shiga?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama ya ja baya, teku ta kwanta, da safe iska ba ta da ƙarfi, sai bayan azahar iskar teku ta taso daidai wa daida. Matsalar lokacin ita ce hazon hunturu a Disamba da Janairu, wanda kan rufe gaɓa har ka kasa bambance bakin wannan mashigi da wancan, wata rana kuma iskar ta mutu gaba ɗaya ka koma kan inji.

Lokacin da ya fi buƙatar sa ido shi ne shigowar damina da fitarta, wato Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba. Nan ne ake samun hadarin nan mai zuwa farat ɗaya daga gabas. Alamarsa ba ta ɓuya: baƙin gajimare ya taru a gabas, gindinsa a miƙe, iskar da kake tafiya da ita ta ɗauke tsit, sai wani sanyi ya doki fuskarka. Daga wannan sanyi zuwa guguwar mintuna ne kaɗan. Kada ka tsaya shawara. A sauke ƙyalle duka, a ɗaure, a tada inji ko a jefa anka nesa da hanyar jirage, kowa ya zauna ƙasa, kuma kada wanda ya riƙe sanda ko wayoyinta saboda tsawa. Yawanci ba ya daɗewa. Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi, a duba shi kafin a tashi, amma a ci gaba da waiwayen gabas.

Na ji ana kuka da kainuwa. Har ta kai ta tsayar da jirgi?

Ta kai. Wannan ba ƙaramar kainuwar kududdufan Arewa ba ce, wata iri ce mai kauri da fure ruwan shuni, asalinta Kudancin Amurka, ta shigo Legas ta mashigin Badagry a 1984. Ruwan daɗi take so, shi ya sa take bunƙasa a ƙarshen damina lokacin da koguna suka cika mashigai, daga wajen Satumba har Disamba. Idan rani ya yi nisa gishiri ya ƙaru, sai ta mutu.

Tana naɗe farfelar inji, tana toshe ramin da inji ke shan ruwan sanyaya kansa, kuma takan ɓoye gungumen icce a ƙarƙashinta. Ka kewaye ta. In ka ga inji ya daina tofar da ruwa ta baya, kashe shi nan take.

Ba ni da jirgi, ban kuma iya iyo ba. Ta ina zan fara?

Kada ka fara da sayen jirgi. Kulob ɗin Lagos Yacht Club, wanda aka kafa a 1932, yana nan bakin ruwa kusa da Onikan, kuma masu jirage a ko'ina kullum suna neman mai taya su jan igiya. Ta nan kusan kowa ya koya: ka shiga jirgin wani, ka ja abin da aka ce ka ja, ka sunkuyar da kai in an ce sandar da ke kwance a gindin ƙyalle za ta juyo. Shiga irin waɗannan kulob yawanci sai da wani ɗan ciki ya gabatar da kai, don haka ka nemi sani a wurin aikinka.

Batun iyo kuwa, ka koya, ko da a wurin wanka na otal ne. Da yawanmu mun taso inda ruwa bai wuce na rafi ba, kuma babu abin kunya a ce babban mutum na koyon iyo. Kafin nan da bayan nan, rigar kariya a jiki take zama, a ɗaure, ba a ƙarƙashin kujera ba. Dokar jihar ma ta wajabta ta ga masu hawa ruwa. Ta yara kuma sai an nemo daidai jikinsu, domin ta manya zamewa take ta kan yaro.

Mene ne batun cika da janyewar ruwa?

Teku na cika sau biyu ta janye sau biyu a kwana ɗaya, kowane kamar awa 6, kuma kullum lokacin na jinkirta da wajen minti 50. A Legas bambancin tsayin bai fi mita ɗaya ba, amma tunda duk ruwan tafkin ta ƙofa ɗaya yake fita, gudunsa a bakin tasha ba wasa ba ne, balle da damina da ruwan koguna ya ƙaru a kai.

Mai bin lissafin watan Musulunci ya huta a nan. Cika mafi girma da gudu mafi ƙarfi suna zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, ko kwana ɗaya biyu bayansu. A wajen 7 da 22 ga wata ruwan ya fi laushi. Ka tsara tashinka yadda ruwa zai tafi da kai, domin jirgin da ke yin kilomita 7 a awa, in ya fuskanci ruwa mai gudu, sai ka ga itacen da ke gefenka ya ƙi wucewa.

An ce jirgin ƙyalle ake ba hanya. Har da manyan jiragen kaya?

A'a, kuma wannan kuskure na iya cin rai. A ƙa'idar tuƙi ta duniya, a siririyar hanya ƙaramin jirgi da na ƙyalle ba su da izinin tare wa babban jirgin da ba shi da wata hanya sai tsakiya. Mashigar Commodore, wadda duk jiragen Apapa da Tin Can ke bi, irin wannan ce. Jirgin kwantena ba ya taka birki, matuƙinsa ma ba ya ganin abin da ke dab da hancinsa. Ka bi gefe, in za ka ƙetara ka ƙetara a miƙe da sauri. In ka ji gajeren ƙaho sau 5, da kai ake. Alamomin hanya kuma, ga mai shigowa daga teku, ja na hagu, kore na dama.

Ƙofar mashigar ta wajen teku tana tsakanin ganuwar duwatsu biyu da aka gina a farkon ƙarni na 20. Idan ruwa na janyewa ya yi karo da igiyoyin damina a wurin, sai ruwan ya miƙe tsaye. Ɗan koyo ya tsaya a Tarkwa Bay, wadda ke lafe a ciki, ya bar fita teku sai rani, tare da wanda ya saba.

Awa nawa ake yi zuwa Badagry?

Tazarar kimanin kilomita 60 ce. Jirgi mai yin kilomita 7 zuwa 8 a awa zai ci awa 8 in komai ya tafi daidai, kuma a tafiya ba ya tafiya daidai, domin Badagry na yamma, iska kuma daga kudu maso yamma take. Ga mashigin ba faɗi, sai yanke-yanke. Dawowa ce mai daɗi, iska na bayanka. Saboda haka ka ba tafiya kwana biyu, dawowa yini ɗaya, ka yada zango tun da sauran rana.

A can akwai abin gani: benen farko da mishan suka gina a 1845, da tsibirin Gberefu inda aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku.

Idan jirgi ya kafe a laka fa?

Zai kafe, kowa na kafewa. Ƙasan laka ce da yashi, ba dutse ba, don haka da wuya jirgi ya fashe. Ka saki ƙyalle don kada iska ta ƙara cusa ka, ka ɗaga ƙarfen ƙasa in yana ɗaguwa, mutane su koma gefe ɗaya jirgin ya karkata, a tura da gora ta inda aka shigo. In ruwa na cikowa, jira kaɗan zai ɗaga ka. In janyewa yake, yi sauri, in ba haka ba kai da tafiya sai bayan awanni. Kada kowa ya diro ba takalmi, akwai ɓawon kawa mai yanka da gwangwanaye. Gora mai alamar mita ita ce ma'aunin da ba ya lalacewa.

Ana iya kwana a cikin mashigi? Mutanen ƙauye ba sa damuwa?

Ana kwana, kuma ya fi tafiyar dare, wadda hukumomin ruwa suka hana jiragen fasinja, kai ma ba ka da dalilin yin ta. Ka zaɓi wuri nesa da hanyar jiragen haya masu gudu, ka saki igiyar anka ninki 5 na zurfin ruwan, ka kunna farar fitila a sama har gari ya waye. Sauro na fitowa da magariba kamar an buɗe masa ƙofa, gidan sauro dole ne.

Ruwan da kake gani kamar ba mai shi, yana da masu shi. Rassan itatuwa da aka kakkafa a tsakiyar ruwa gonar kifin wani ce, robobin da ke shawagi a jere kuma alamar raga ce. In ka yanke wa masunci raga, ka tsaya ku daidaita. Kafin ka kwana kusa da ƙauye, ka sauka ka gai da baale, wato mai garin, ka faɗi ko kai wane ne da lokacin da za ka tashi, ka sayi kifi ko kwakwa a hannunsu. Gaisuwar nan ta fi kowane kwaɗo tsare maka jirgi. Kada ka ɗauki hoton mutane ko wurin bautarsu sai da izini.

Yaya ake salla da alwala a jirgi?

Alƙibla daga Legas tana wajen digiri 63 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa, kuma kamfas ɗin jirgi zai nuna maka. Jirgin da ke kan anka yana juyawa da ruwa, sai ka duba kafin ka tayar. Wanda zai iya tsayuwa ya tsaya, in kuwa jirgin na tangaɗi har ana tsoron faɗawa ruwa, a zauna. A mashigin Badagry sau da yawa ma sauka ake a yi a kan yashi.

Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar. Amma ruwan kusa da Apapa, wanda mai da ƙazanta suka canja wa launi da wari, ba na alwala ba ne, ka tanadi naka a jarka. Ƙasaru a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, kusan kilomita 80, Badagry kuwa ba ta kai ba. Mai wata tambaya ta daban ya kai wa malaminsa.

Batun tsaro fa? Ba a nan ake fashin teku ba?

Mashigin Tekun Gini ya yi ƙaurin suna, musamman a shekarun da suka kai 2020. Najeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, kuma hare-hare sun ragu ƙwarai. 'Yan fashin dama manyan jirage suke hari a can cikin teku. Abin da ya fi shafar mai ƙaramin jirgi shi ne satar inji da waya, da kuma faɗawa inda bai kamata ba. Ka nisanci ma'ajiyar mai ta Atlas Cove kusa da Tarkwa Bay, da sansanin sojan ruwa a Apapa, da jiragen da ke ɗaure a tasha, kuma kada ka ɗaga waya kana ɗaukarsu.

Sojan ruwa da 'yan sandan ruwa na iya tsayar da kai. Ka riƙe katin shaida da takardun jirgi a leda. Hukumomi biyu ke kula da ruwan, NIWA ta tarayya da LASWA ta jiha wadda aka kafa a 2008, sai ka tambayi mai jirgin ko takardunsa sun cika kafin ka hau. Rediyon jirgi a bar shi a tasha ta 16, ta neman agaji. A waya kuma 112 ko 767, sai dai akwai lungunan da sabis ke ɗaukewa, don haka ka bar wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.

Wane guzuri ya kamata?

Ruwan sha ne kan gaba, aƙalla lita 3 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala. Kilishi, dambun nama, dabino, gyaɗa, garin kwaki da sukari duk suna jure tafiya. Fura da nono ba sa kai la'asar. Sai hula mai igiya, rigar ruwan sama, tocila, wuƙa, maganin jiri ga mai amai, da leda mai zip don waya. Babbar riga a bar ta a gida, igiyoyi na kama ta. Shara kuma a dawo da ita.

Tunda ruwan ya kai Porto-Novo, zan iya zarcewa?

Ruwan ya kai, amma iyakar ƙasa na nan ko ba ka ga shinge ba. Bayan Badagry akwai jami'an kwastan da na shige da fice a kan ruwa, kuma hanyar sananniya ce wajen fasa ƙwaurin fetur da shinkafa, shi ya sa ake duban kowane jirgi da ido biyu. Jarkokin mai da yawa a jirginka za su jawo maka tambayoyin da ba ka shirya ba. In da gaske kake son zuwa Benin, ka tanadi fasfo da takardun jirgi, ka je ofishin shige da fice tun kafin ranar tafiya a gaya maka inda za a buga maka hatimin fita. Ta wancan ɓangaren ruwan ya ƙara zama marar zurfi, ga gonakin kifi birjik, don haka sai jirgi mai ɗaga ƙarfen ƙasa, da ɗan gari a gaba yana nuna hanya.